Majinyacin da Ke Suma a Ƙofar Likita



Mas'alar da na zo muku da ita yau ta samo asali ne daga wata ziyara da wani aminina, malamin makarantar sakandare, ya kawo mini kwanakin baya bayan sallar La'asar, rungume da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, fuskarsa kuwa irin ta wanda ya kwana jinya. Bayan mun gaisa an kawo ruwa ya sha, sai ya ce da ni, "Malam, na'urar nan ta kai ni maƙura. Muddin rubutu nake yi ko lissafin makin ɗalibai, lafiya lau take. Amma da zarar na jona ta da intanet, ba a yin minti goma sai ta sandare, ko kuwa allon ya rikiɗe ya koma shuɗi ta mutu ta sake tashi da kanta. Ga shi kullum tana yi mini nacin in sabunta ta, in na yarda ta fara, sai ta kai wani wuri ta cije, ta ce ta kasa, ta warware duk abin da ta ƙulla." Na tambaye shi ko ya kai ta wurin masu gyara, ya ce sau biyu, kuma duka biyun hukunci guda aka yanke mata, watau a yi mata fomatin. A karo na farko ma har ya yi asarar tambayoyin jarrabawar zango guda da hotunan bikin ƙanwarsa, cutar kuwa ba ta cika mako ba ta dawo kamar an yi mata kiranye.

Ba nufina ba ne in ci zarafin masu wannan sana'a, domin a cikinsu akwai gwanaye waɗanda ni kaina nake ɗaukar darasi a wurinsu, kuma na san uzurinsu: mai kaya yana tsaye a kansu yana duban agogo, bincike na haƙiƙa yana cin yini guda, alhali goge rumbun ajiya a zuba sabuwar manhaja bai wuce aikin sa'a ɗaya ba, ladansa kuma sananne ne. Sai dai wanda ya mayar da fomatin maganin kowace cuta, misalinsa kamar mai maganin da duk wanda ya zo masa, ko da ciwon kai ko da targaɗe, sai ya jiƙa masa maganin wankin ciki. Wanda cutarsa ta dace da jiƙon ya tashi ya yi godiya, wanda tasa ba ta dace ba ya koma gida da targaɗensa, an kuma ƙara masa da rama.

Waɗanda suka zauna gaban malamai suka karanci tauhidi ko manɗiƙi za su tuna da abin da ake kira dauru, watau a ce samuwar wannan abu ta rataya a kan wancan, samuwar wancan kuma ta rataya a kan wannan, wanda malamai suka ce hankali ba ya karɓarsa. To, kwamfutar aminina a cikin irin wannan da'ira ta faɗa, domin gyaran da take bukata yana cikin sabuntawa, sabuntawar tana kan intanet, intanet ɗin kuwa shi ne yake kayar da ita. Ta zama majinyacin da ba ya suma a ko'ina sai a ƙofar likita. Kuma wannan ba baƙon al'amari ba ne a tarihin waɗannan na'urori, har ma akwai zamanin da ya zama annoba ta game duniya.

A ranar 16 ga Yuli na shekarar 2003 kamfanin Microsoft ya fitar da gyara ga wata kafa da aka gano a jikin manhajar Windows, ya yi kira ga jama'a su toshe ta. Galibin mutane ba su kula ba. Ba a cika wata guda ba, ranar 11 ga Agusta, sai ga wata tsutsar kwamfuta da aka laƙaba wa suna Blaster ta ɓulla ta wannan kafa, ita kuwa ba ta bukatar mutum ya buɗe wasiƙa ko ya latsa wani abu, jona layin kaɗai ya ishe ta. Alamarta ita ce, mutum yana cikin aikinsa sai wani ɗan akwati ya bayyana a allo yana shaida masa cewa na'urar za ta mutu nan da daƙiƙa sittin, ya zauna yana kallon lissafi yana sauka har ta mutu. A zamanin nan kuwa da yawa ta wayar tarho suke shiga intanet, saukar da gyaran yana bukatar mintoci masu dama, tsutsar kuma ba ta bayar da wannan jinkiri. Shekara ba ta zagayo ba aka maimaita: gyara ya fito ranar 13 ga Afrilu 2004, a ƙarshen watan sai ga wata tsutsar mai suna Sasser, wadda wani saurayi ɗan ƙasar Jamus, Sven Jaschan, ya rubuta yana ɗan makaranta, ta bi duniya tana kayar da kwamfutoci, har ta kai ga ma'aikatan tsaron gaɓar teku na Ingila sun koma ga taswirar takarda na ɗan lokaci. Dabarar da ta ceci mutane da yawa a lokacin gajeriya ce ƙwarai: a yi maza a buɗe wurin ba da umarni a rubuta kalmar shutdown, a bar fili, a sa ɗan layi da harafin a, sai lissafin mutuwar ya tsaya, a samu sararin ɗauko magani. Masu hangen nesa kuwa ba su ma jona marar lafiyar ba. Suka je ga wata kwamfuta mai lafiya suka sauko da gyaran, suka kawo shi a faifai.

Ta uku, wadda ake kira Conficker, da ta bayyana a watan Nuwamba 2008, ta fi su makirci, domin in ta shiga sai ta fara da kashe sashen da ke kula da sabuntawa, sa'an nan ta toshe hanyar zuwa shafin Microsoft da shafukan kamfanonin riga-kafi, kamar ɓarawon da kafin ya taɓa kaya sai ya ɗaure kare ya kuma sa wa ƙofar maƙwabta kwaɗo. Daga nan muka samu wata alama wadda har gobe tana da amfani: idan kowane shafi yana buɗuwa amma na masu magani kaɗai suka ƙi, to a tuhumi ƙwayar cuta tun kafin a tuhumi kowa.

Amma adalci ya wajabta in ce, tun da aka fitar da babban gyaran Windows XP na biyu a watan Agusta 2004, wanda ya zo da katangar tsaro a kunne tun daga farko, irin wannan annoba ta ragu ƙwarai, kuma mafi yawan kwamfutocin da ke faɗuwa yau sababinsu bai kai haka girma ba. Abin da ya saura mana daga wancan zamani shi ne ƙa'idar, cewa da'ira daga waje ake karya ta, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Saboda haka da na karɓi kwamfutar aminina, ban fara da kome ba sai da muka kwashe takardunsa muka zuba a filash, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duk mai gyaran da ya sa hannu a na'urar mutum bai tambaye shi ko ya ajiye kwafin kayansa ba, ya tauye amana ko da gyaran ya yi kyau. Sa'an nan na shiga yi masa tambayoyi irin na alƙali ga mai ƙara, saboda kalmar faɗuwa da mutane suke faɗa ta tattara cututtuka dabam-dabam. Akwai wadda burauza kaɗai ke rufewa sauran na'urar na nan da ranta, wannan galibi laifin yana ga burauzar ko ga tarkacen da aka maƙala mata. Akwai wadda take mutuwa ɗif kamar an ɗauke wuta, ba sallama ba bayani, wannan kuwa zafi ko wutar lantarki ake fara zargi. Akwai kuma mai shuɗin allo, wanda a sababbin Windows 11 aka mayar da shi baƙi, kuma ita ce ta fi sauƙin sha'ani ga mai haƙuri, domin wannan allo da mutane ke firgita da shi wasiyya ce na'urar take bari kafin ta mutu, a cikinta akwai sunan laifin, wani lokaci har da sunan fayil ɗin da ya jawo shi. Shawarata ita ce mutum ya ɗauki wayarsa ya yi wa allon hoto kafin ya ɓace. In kuwa ya riga ya ɓace, Windows tana da littafin tarihi da take rubuta kowace faɗuwa da ranarta da sa'arta, ana samunsa da sunan Reliability Monitor, wanda ya fi zurfi kuma Event Viewer. Mai gyaran da bai buɗe ɗayansu ba, fatawa yake bayarwa bai ji tambaya ba.

To, me ya sa sai a kan intanet? Amsar ita ce, jona layi yana tayar da sassan da suke barci sa'ad da mutum yake rubutu kawai. Na farko da ake tuhuma shi ne direban katin wayfay, watau ɗan shirin da ke tafinta tsakanin Windows da ƙarfen da ke kama layi, domin shi yana aiki ne a can cikin zuciyar manhaja, inda kuskure guda ya isa ya kayar da gidan baki ɗaya. Gwajinsa ba ya cin ko kwabo: a kashe wayfay a jona da kebul, ko a jona da wayar hannu ta igiyar caji, in faɗuwar ta tsaya, an kama mai laifi, sai a je wata kwamfuta a ɗauko direban daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, a guji shafukan nan masu alkawarin gyara dukan direbobi da latsawa guda, waɗanda sau da yawa cutar da suke kawowa ta fi wadda suka tarar. Haka kuma burauzar zamani tana jingina nauyin hotuna da bidiyo a kan katin hoto, in direbansa ya tsufa sai ya durƙushe. Akwai maɓalli a cikin saitin burauza da ke sauke masa wannan kaya, a kashe shi a gani. Na kuma sha tarar da na'ura ɗauke da riga-kafi biyu ko uku, kowane yana tare ƙofar intanet yana binciken ɗan'uwansa, mai ita kuwa yana zaton ya ƙara tsaro, alhali dogarai ya tara suna kokawa a zaure.

Akwai wani yanayi da ake tayar da Windows a cikinsa da mafi ƙarancin kaya, ana ce masa sef-mod. A tsofaffi irin su XP da Windows 7 ana shigarsa da latsa F8 yayin tashi, a Windows 10 da 11 kuwa ana riƙe maɓallin Shift a latsa sake tashi. Ba wurin sabuntawa ba ne, wurin tantancewa ne: idan na'ura ta zauna lafiya a can tare da layi, to laifin yana ga wani shiri da ke tashi tare da ita a ranakun yau da kullum; idan ta faɗi a can ma, zargi ya koma kan direban layi ko kan ƙarfen kansa. Ta aminina a can ma ta faɗi, da wayfay da kebul duka, kuma sunan laifin da allon yake nunawa yau dabam, gobe dabam. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Batun zafi kuwa, mu mutanen wannan yanki ya fi shafa, domin waɗanda suka ƙera na'urorin nan ba su san hazon hunturu ba, balle zafin bazara na watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai. Ƙura takan taru a bakin fanka ta dunƙule kamar auduga, iska ta kasa fita, mai na'urar kuma ya ɗora ta a kan katifa ko matashi ya toshe ramukan da ke ƙarƙashi. Rubutu ba ya wahalar da ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma bidiyo da sabuntawa suna sa ta aiki tuƙuru, in zafinta ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu, in abin ya faskara ta kashe kanta don kada ta ƙone. Wanda ya ji fanka tana kuka kamar injin niƙa, ya taɓa ƙasan na'urar ya ji kamar tanda, ba ya bukatar istihara kafin ya kai ta a buɗe a share.

Mu juya ga ɗaya rabin ƙarar, watau ƙin sabuntuwa, inda zan fara da abin da ya fi kowane ƙanƙanta kuma ya fi kowane kunyata masana, shi ne agogo. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, galibi irin wanda ake kira CR2032, mai ƙarfin bolt 3, aikinsa ya riƙe kwanan wata sa'ad da na'urar take kashe. Kwamfutocin da ake shigo mana da su na hannu sun riga sun yi shekaru a ƙasashensu, batirin nan ya tsufa, in ya mutu sai agogo ya koma wata shekara da ta daɗe da wucewa. Ita kuwa hulɗa tsakanin kwamfuta da rumbun Microsoft a kan takardar shaida take gudana, mai ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Na'urar da take zaton tana shekaru goma baya, in aka miƙo mata takardar bana sai ta ce ta jabu ce, ta ƙi karɓa. Lambar kuskuren da takan nuna a wannan hali ita ce 80072F8F, kuma na ga wanda ya biya kuɗin fomatin a kan abin da dubawa guda a kusurwar allo za ta warware. Haka nan cikar rumbu, wadda lambarta 80070070, domin sabuntawa tana bukatar fili ta sauke kayanta ta kwance su, kamar yadda ba a shimfiɗa tabarma a ɗakin da aka cika da buhuna. Sai kuma layin da aka yi wa alamar na awo ne, wanda Windows takan tausaya wa mai shi ta jinkirta manyan kaya don kada ta cinye masa data; mu da galibinmu da datar waya muke aiki, wannan ya kamata a duba.

Wanda ya fi waɗannan yawa a wurinmu shi ne yankewar wuta. Na'ura tana tsakiyar sabuntawa, ta rubuta a allo cewa kada a kashe ta, batirinta kuwa ya daɗe da mutuwa, sai a ɗauke wuta. Fayilolin da take rubutawa su tsaya rabi da rabi, daga ranar nan duk sa'ad da ta so ci gaba sai ta yi tuntuɓe da gawar aikin jiya. Ma'ajiyar da take tara waɗannan kaya tana cikin babban fayil na Windows, sunanta SoftwareDistribution. Abin da ake yi shi ne a tsayar da sashen sabuntawa, a sauya wa ma'ajiyar suna, a sake tayar da na'urar, ita da kanta za ta gina sabuwa ta fara daga farko. In ɓarnar ta shiga jikin manhajar kanta, akwai umarni biyu da ake bayarwa da izinin mai gida: DISM, wanda ke gyara taskar da ake ɗebo kayan gyara daga cikinta, sa'an nan sfc, wanda ke bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya yana musanya gurɓatattu. Abin dariya a nan shi ne, DISM ɗin ma bisa al'adarsa ta hanyar sabuntawa yake neman kayansa, watau dauru ya sake dawowa ta taga. Sai dai ana iya nuna masa filash mai ɗauke da kwafin Windows a ce ya ɗiba daga nan. Kuma ga wanda layinsa ba ya jure dogon saukewa, Microsoft yana da taska a buɗe mai suna Microsoft Update Catalog, inda ake neman gyara da lambarsa a wata kwamfuta, a kawo shi a sa da hannu, daidai yadda mutanen 2003 suka yi da faifai. In duk wannan ya gaza, akwai sauran mataki guda kafin fomatin, shi ne a sake ɗora Windows a kan wadda take ciki tare da zaɓin barin takardu da shirye-shirye a inda suke.

Akwai kuma na'urar da ba ta da wata cuta, ƙofa ce kawai aka rufe mata. Microsoft, wanda tun shekarar 2003 ya ɗauki al'adar fitar da gyare-gyare a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, ya daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilu 2014, da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ko da yake ya bar wa wannan ta ƙarshe ƙarin shekara guda ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa ta gindaya sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM na biyu, wanda yawancin tsofaffin na'urorin kasuwanninmu ba su da shi. Wani abin da masu saurin fomatin ba su cika lura da shi ba shi ne, a shekarar 2019 an sauya irin hatimin da ake buga wa gyare-gyare, daga SHA-1 zuwa SHA-2, saboda haka Windows 7 da aka zuba sabuwa daga tsohon faifai ba ta san sabon hatimin ba, sai an koya mata shi da hannu. Ka ga a nan gogewar ce da kanta ta haifar da ƙin sabuntuwar. Ban kuma manta da kwafin Windows da ake yi wa kwaskwarima ana yawo da su a filash ba, waɗanda wasunsu da gangan aka cire musu sashen sabuntawa, mai saye bai sani ba.

La'alla wani ya ce, to tun da abin wahala ne, me zai hana a kashe sabuntawar a huta? Na san da yawa haka suke yi don tattalin data, kuma ba zan ce tsoronsu ba shi da asali ba, domin ranar 19 ga Yuli 2024 wani gyara da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika ya jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo a yini guda, jiragen sama suka kasa tashi, sai da ma'aikata suka bi na'urorin ɗaya-ɗaya ta sef-mod suna goge fayil guda. Magani ma yakan yi illa. Amma a ɗora wannan a sikeli tare da abin da ya faru ranar 12 ga Mayu 2017, sa'ad da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe wajen 150 tana neman fansa, asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali gyaran da zai hana ta ya fito tun watan Maris, wata biyu cur kafin aukuwar abin. A ra'ayina jinkirta gyara na 'yan kwanaki a ga yadda ya yi wa wasu hikima ce, amma rufe ƙofarsa gaba ɗaya ganganci ne, musamman ga wanda yake shiga asusun bankinsa da na'urar.

Mu koma ga aminina, wanda har an kira Magariba muna tare. Agogonsa daidai yake, rumbunsa da sauran fili, fankarsa ba ta kuka, riga-kafinsa guda ne, an kuma goge na'urar sau biyu cutar ba ta tafi ba, wanda hakan kaɗai hujja ce cewa ba a cikin manhaja take ba. Ga kuma alamar nan da na ce ku riƙe, ta sunan laifi da ke sauyawa kullum. Direba in ya lalace suna guda yake maimaitawa, amma in yau a tuhumi wannan gobe a tuhumi wancan, to ƙasan da suke tsaye a kai ne yake motsi. Sai na tuhumi ram, watau allon da kwamfuta ke rubuta abin da take aiki a kai a wannan sa'a, ta wanke in ta gama. Bayan mun dawo daga masallaci muka sa mata gwajin da ke cikin Windows mai suna Windows Memory Diagnostic, ba ta yi nisa ba ta shaida cewa akwai matsala a ƙarfe. Muka kwance murfin baya muka tarar da sanda biyu, kowace mai gigabait 4. Muka cire ɗaya muka gwada, shiru. Muka musanya su muka sake gwadawa, sai ga kuskure. Ba mu sauya abu biyu a lokaci guda ba ko sau ɗaya, domin wanda ya sha magani uku a dare guda ya warke ba zai san wanne zai saya gobe ba.

Da haka ƙararraki biyun suka zama guda. Sa'ad da yake rubutu, kaɗan na'urar take amfani da shi daga allon nan, ba ta kaiwa ga wurin da ya lalace. Da ya buɗe burauza da shafuka biyar ko shida sai rubutu ya malala har ya isa gurbin, abin da aka ajiye a can ya dawo a gurɓace, ta faɗi. Kayan sabuntawa kuma, da yake manya ne, dole su ratsa ta wannan gurbi yayin da ake kwance su, su fito da tabo, Windows ta auna su da hatiminsu ta ga ba su dace ba, ta ƙi su, kuma gaskiyarta ce.

Muka bar masa sanda guda mai lafiya, muka sauya wa ma'ajiyar sabuntawa suna saboda tarkacen da ya taru a ciki, na ce ya je ya jona ta inda wuta ba ta yankewa ya bar ta ta kwana tana aiki. Washegari da hantsi ya bugo mini waya ya ce kafin Asuba ta gama, ta sake tashi sau uku bisa ƙa'ida, yanzu haka ma da ita yake sauraron labarai. Sai dai ta ɗan yi nauyi da gigabait 4, yana jiran albashi ya sayo mata 'yar'uwar sandar, na ce ya tafi da tsohuwar a aljihu don a ba shi irinta, kuma kada ya bar shagon sai an gwada sabuwar a gabansa.